Hayar Shagon Mode

Yayana Mode ya ƙi jinin kalmar haya tun ranar da ta shigo Sakkwato. Cewa yake ba Hausa ba ce, ba Fillanci ba ce, ba ta cikin littafin kowane malami, a bayan mota ta maƙale ta zo tare da kuɗin cizo. Ni kuwa ƙanwarsa Atika, da na dawo gida bayan rasuwar mijina na kama sayar da fura a bakin tasha, da kalmar nake wuni. Mai saye ya ce haya, mai ƙosai ta kusa da ni ta ce haya, har na daina jin ta baƙuwa a kunne.

Gidanmu yana daf da Ƙofar Marke. A shekarun da nake ba ku labari Nasara sun kwana biyu da kama ƙasa, wuri ya koma na dara, sule da kwabo sun ƙwace kasuwa. Jirgin ƙasa ya tsaya can Gusau bai ƙaraso mu ba, sai motar kaya ke ɗauko mutane da huhunan goro ta kawo, ta kwashi fatu da matafiya ta koma. Direban da ya fara zuwa ya ga tsamiyar ƙofar gidanmu tana da inuwa, ya tsaya, ya shimfiɗa tabarma ya yi barci. Shi ke nan wurin ya zama tasha, ba wanda ya nemi shawararmu.

Motar nan ba ta da rana. Yau a ce gobe, gobe a ce ƙafarta ta fashe, jibi a ce direba na fama da ciki. Amma ranar da ta ga dama, sau uku kawai ake busa ƙaho, wanda ya riga ya sami wuri, wanda ya makara ya jira wani makon. Saboda haka kuɗin ɗaki a unguwarmu ya koma bin ƙaho. Ɗakin da kana kwance kana hango motar ta ƙofa, sule uku ne a wata. Wanda ake jin ƙaho amma sai an ruga, sule biyu, in mai gida na da tausayi sule da sisi. Can cikin lungu kuwa, inda sai dai a zo a ba ka labarin ta tashi, sisi ma an gode. Kan ka ce kwabo duk mai bango huɗu ya zama mai haya. Maƙwabcinmu Tukur ya fara da ɗakin marigayi ubansa. Da ya ji daɗin sule sai ya share ɗakin awaki, ya shafa masa farar ƙasa, ya zuba fatake biyu a ciki, akuya na leƙowa tana neman makwancinta.

Shagon da ya fi kowanne a duk wurin namu ne, wanda ke jikin zaure. Ko tari direba ya yi, daga ciki za ka ji. Shekara biyu yana rufe, ɓera kaɗai ke kwana, domin Mode ya ce gidan ubanmu ba ya sayar da inuwa. Ubanmu, Allah ya jiƙansa, mai saukar baƙi ne da sunansa ya kai har Azbin. Fatake su zo da jakunansu su yi wata guda su tafi, bai taɓa miƙa hannu ya karɓi ko wuri ɗaya ba. Wannan labari Mode ya gada, ya haɗa da gemu. Gemun kuwa ba na wasa ba, ya sauko har ƙirji, ran Juma'a turare yake sha. Ya fi samun kulawa bisa ɗinkin rigar da Mode ke yi, wanda ido ya fara ƙi masa, masu kawowa suka janye.

Wata rana bayan azahar, ana zaune jikin bangon masallaci, Tukur ya yi kuskuren cewa zai ƙara wa 'yan hayarsa sisi. Mode ya wanke shi tas a gaban jama'a. Ya ce wanda ya karɓi kuɗi don baƙo ya kwanta, saura kaɗan ya sa wa sallama farashi. Tukur ya ce yunwa ce ba ta ƙwanƙwasa masa ƙofa ba tukuna. Sai Mode ya kama gemu da hannu biyu.

"Ku shaida," ya ce. "Ranar da kunka ji bakin ga yac ce haya bisa gidan ubana, ku kira wanzami shi sauke wanga gemu har ƙasa."

Suka shaida kuwa, da murnarsu. Tun daga ran nan in Tukur zai gaishe shi, gemun yake kallo.

Wadda ba ta halarci zaman ba ita ce gara. Tana can cikin rufin ɗakin Inna tana aikinta. Inna mahaifiyarmu ce, ta tsufa tukuf, ido ya tafi, amma kunne da baki suna nan daram. Mode ɗanta na fari ne, don haka irin kunyar mutanen da, ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta yi masa magana kai tsaye, ban kuma taɓa ganin hannunta a jikinsa ba. In tana da magana ni take ba saƙo, ko yana zaune gabanta. Sai ta ce, Atika, faɗa wa Mai Gemu kaza. Shi ma ta kaina yake mayar da amsa.

Da bazara ta kama, ƙasa ta fara zubo wa Inna cikin tuwo. Aka kira Na'Allah magini. Ya hau, ya soka yatsa cikin azara, yatsan ya shige kamar cikin dafaffiyar kabewa. Ya sauko ya ce rufin nan ba zai ɗauki damina ba, sai an sake azara an yi sabon yaɓe, sule tara, ba ragi, domin giginya ta yi tsada tun da kowa ya kama gina ɗakin haya. Muka ce Inna ta koma ɗakina. Ta ce a ɗakin nan aka kawo ta amarya, daga ɗakin nan za a fitar da ita, in rufin ne zai yi mata likkafani ya rage wa Mai Gemu sayen alawayyo.

Sule tara a gidanmu zance ne kawai. Ribar fura ita ce tuwonmu, ɗinki ya mutu. Amma ni na iya ƙidaya. Saura wata uku ruwa ya sauka, ga shago mai sule uku yana rufe. Na sa Mode gaba safe da yamma. Ya yi faɗa, ya yi wa'azi, ya ce tasha ta lalata ni. A rana ta tara ya kalli bango ya ce in Allah ya kawo baƙo, gidan nan bai taɓa korar baƙo ba. Na gane, na ɗauki ƙwaryata na fita nema.

Wanda na samo Ƙasimu ne, Bazamfare mai fataucin goro, siriri, mai yawan murmushi da ƙarancin magana. Duk zuwan mota yana da huhu a ciki, kuma ya gaji da gudu daga lungu. Na nuna masa shago ya yaba. Na ce zancen kuɗi kuwa na maigida ne, ni mace ce, ba ni yanke wa gida farashi. Kuskurena ke nan, har gobe ina cizon yatsa.

Da suka zauna a zaure, sai ga Tukur ya shigo wai aron allura, da mutum biyu a bayansa su ma wai allurar suka rako. Ni ina laɓe bayan ƙofar cikin gida. Ƙasimu ya gaisa, ya ce ya ga shago ya yi masa, sannan ya yi tambayar da kowa ke yi a bakin tasha.

"Maigida, nawa na haya?"

Mode ya zabura kamar ya taka garwashi. Ya ja a'uziyya mai tsawo. Ya tambayi Ƙasimu ko ya yi masa kama da masu sayar da inuwa, ko kuwa can Zamfara ba a koya wa mutane yadda ake magana a gidan mutunci. Ya daɗe yana yi, yana satar kallon Tukur. Na hango murmushin Ƙasimu ya ɗauke, ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Da Mode ya gama burga sai ya sassauta murya.

"Gidan ga ba a haya. Baƙo kake. In wata ya mutu, abin goro dai, ukku sun isa."

To, a garin nan ko yaron goye ya san goron da ke fitowa daga bakin dattijo ba na tauna ba ne. Goron ɗan saƙo kuɗi ne, goron mai unguwa kuɗi ne, goron albishir kuɗi ne. Mode ya danna kalmar uku da ƙarfi, har da ɗaga gira, yadda ko jaki zai gane sule ake nufi. Ƙasimu ya ɗago ya tambaya a hankali, goro uku? Mode ya ce uku. Tukur ya juya ga masu rakiyar allura ya ce su shaida, suka shaida.

Wata ya mutu. Ranar tsayuwar sabo da hantsi Ƙasimu ya yi sallama a zaure da faifai a hannu, an rufe shi da ɗanyen ganye. Tukur na nan da masu rakiyar allurarsa, ban san wa ke ba shi labari ba. Mode ya gyara zama ya buɗe ganye. Goro ne fari guda uku, manya, masu sanyi, irin na kai wa surukai. Ya ɗaga su ya duba ƙarƙashi. Ya ɗaga ganyen ya kakkaɓe. Ya juya faifan. Da ya ga ido shida na kansa, sai ya ɗaga hannu ya shiga sa wa Ƙasimu albarka, muryarsa na rawa, har da roƙa masa aljanna. Ni kuwa a bayan ƙofa na ciji gefen zanena don kada in yi ihu. Goron nan uku, ko a hannun mai tsada, ba su wuce kwabo biyu ba.

Wata na biyu Mode ya koma zagaye-zagaye. Ya ɓallo guntun azarar ɗakin Inna ya kawo zaure, ya murtsuke shi gaban Ƙasimu ya zama gari. Ƙasimu ya girgiza kai ya ce gara muguwar halitta ce, a gwada toka. Wata rana Mode ya ce shi fa yana mamakin sulen Nasara, yadda aka zana kan sarkinsu a jiki, ya daɗe bai riƙe ɗaya ba. Ƙasimu ya zaro sule daga aljihu ya ba shi, ya bar shi ya juya gaba da baya, ya ji nauyinsa, sannan ya miƙa hannu ya karɓi abinsa ya mayar.

Labari kuwa ya cika tasha, wai ga wani bawan Allah a Ƙofar Marke da ke ba da shagon sule uku a kan goro uku. 'Yan hayar Tukur suka taru suka ce su ma goro za su riƙa biya, sai da ya rage musu taro, kwabo uku ke nan, sannan ya sami barci. Mutane suka fara tsayawa suna ba Mode hannu biyu. Wata tsohuwa ta aiko da jikarta mai ciwon kunne ya tofa mata. Liman ya ambace shi a zaman ɗaurin aure, ya ce irin mutanen da ba su ƙare ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, abin ya fara yi wa yayana daɗi. Turaren gemu ya tashi daga Juma'a ya koma kullum, tafiyarsa ta canja, yana taka ƙasa kamar zai fasa ƙwai. A cikin gida kuwa Inna na tankaɗe ƙasa daga tuwonta.

Da na ga wata na biyu na neman ƙarewa, na tare Ƙasimu a gindin tsamiya yana yayyafa wa huhunsa ruwa. Ban yi masa da daɗi ba. Na ce kada ya raina mini hankali, mai fataucin goro ya fi kowa sanin goron da ake taunawa da wanda ake sakawa aljihu. Na faɗa masa zancen rufin tsohuwa. Bai yi musu ba. Ya zura hannu cikin riga ya fito da wani ƙullin tsumma, ya kwance, ga sule uku na watan da ya wuce, ya ce na wannan watan ma suna nan tafe.

"Goggo, ni ba macuci ba na," ya ce. "Tambaya niy yi awa kowa, yaz zage ni har garinmu gaban mutane. Kalma guda nika jira. Shi hwaɗe ta da bakinai inda yaz zage ni, ko huɗu yac ce ina biya."

Na ce ya ba ni a ɓoye, ba mai ji. Ya ƙulle tsummansa ya mayar, ya ce ba da ni ya yi ciniki ba. Na so in kife masa ƙwaryar fura a ka, sai dai a raina na san yana da gaskiyarsa, kuma furar ta sayarwa ce.

Na kai wa Mode maganar yadda take, har da zancen huɗun. Ya kama shafa gemu. Can ya ce gara a ɗauki gawarsa da Tukur ya kira masa wanzami. Ya ce ruwa da saura, Allah na nan. Na ce Allah na nan, gara ma tana nan. Ya ce in fita masa daga zaure. Da wata ya tsaya aka kawo goro uku na biyu, ya sake sa albarka, wannan karon kuwa ba rawar murya.

Ruwa bai jira lissafin kowa ba. Kwana goma sha biyu cikin wata na uku, da la'asar sakaliya, hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin. Ina tasha iska ta fara kwashe faya-fayai. Na bar fura a hannun mai ƙosai na ruga gida, ruwa na dukana. Tun daga tsakar gida na ji ƙarar abu ya karye.

Na sami Inna zaune tsakiyar gadonta, ta kifa akushi a ka. Azara ɗaya ta karye ta rataya daidai kanta, laka na zubowa guda-guda, ruwa na bin bango. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Mode ya faɗo ɗakin ba hula, ya sa kafaɗa ya tallafi azarar, ya ce in miƙo taɓarya a tokare. Laka ta bi kansa ta gangaro cikin gemun nan mai turare, ta mayar da shi kamar tsintsiyar da aka share kwata da ita. Yana nishi ya ce mini in roƙi Inna don Allah ta fita.

Inna ta ce in tambayi Mai Gemu me ya hana a yi gyara, alhali ta ji an sa baƙo a shago wata biyu da suka wuce. Mode, azara a wuya, ya ce in faɗa mata sunan ubansu yake tsarewa, mutumin da bai taɓa karɓar ko wuri a hannun baƙo ba.

Sai Inna ta fashe da dariya a ƙarƙashin akushi. Ta yi dariya har da tari.

"Atika, hwaɗa mai gaskiya na, ubanku bai taɓa amsa ba. Ni ka amsa. Shi shina zaure shina shan godiya, ni ina ƙohwar baya ina ƙirga wuri. Ruwan jaki da kuɗɗinai, dussa da kuɗɗinta, tabarma da kuɗɗinta, shara ma ban yi ta banza ba. Da mi shika tsammani anka ciyar da shi har yat tsiro gemu? Azaran ga da shika riƙe, da wurin baƙi nis saye su."

Ban isar da saƙon ba, ba bukata. Na ga idon Mode ya tsaya cak a kan bango. Shekara hamsin da wani abu yana ɗauke da labarin nan, ya zagi maƙwabci a kansa, ya sa gemu jingina a kansa, ashe rabinsa kawai aka ba shi. Tausayinsa ya kama ni, ga kuma dariya na cina, na rasa wanda zan fara yi. Muka tokare azara da taɓarya. Ni da matarsa Lantana muka cicciɓi Inna zuwa ɗakina, tana zaginmu ɗaya bayan ɗaya, ba ta saki akushin ba. Mode bai ci tuwo ba ran nan.

Washegari da sassafe ya fita ko koko bai sha ba. Da hantsi ya dawo da rawani, ya ja amawali ya rufe har hanci, ido kaɗai ake gani. Ya aika a kira Ƙasimu, a kira Tukur, a kira masu rakiyar allura, da duk wanda ya shaida a jikin masallaci. Zaure ya cika har waje, direba ma ya baro motarsa ya zo kallo. Ni ina wurina na kullum.

Mode ya zauna, ya bari aka gama gaisuwa. Sannan ya sa hannu ya sauke amawali. Haɓa ce fara sol, 'yar ƙarama, kamar ɓararren ƙwai, ga ɗan yanka a gefe inda askar ta zame. Ban san haka fuskar yayana take ba. Wanda ya fi kowa ɓacin rai Tukur ne, domin shekara guda yana tanadin ranar da zai tafi da ƙafarsa ya kira wanzami, ga shi an riga shi.

"Haya," in ji Mode, yana kallon Ƙasimu. "Haya nic ce, kowa shi ji. Sule huɗu ga wata, tun daga watan hwarko. Abin da nic ce bisa garinku kuma, ka yahe man."

Ƙasimu ya ce ya yafe. Amma ya tambaya yaya aka yi huɗu, alhali duk bakin tasha uku ne.

"Ukku na shago," Mode ya ce. "Guda na gemu."

Ƙasimu ya yi dariya har ya kwanta jikin bango, hawaye na zuba. Ya kwance tsumma, ya ƙaro daga aljihu, ya ƙirga sule goma sha biyu a kan tabarma. Sannan ya ce to a mayar masa da goronsa shida. Mode ya tattara sulallan ya ce wannan goron gaisuwa ne, an ci an sa albarka, albarka kuwa ba a mayar da ita. Kafin azahar Tukur ya sanar da 'yan hayarsa cewa kasuwa ta tashi, ɗaki ya koma huɗu. Suka ce sun yarda, in ya kai nasa gemun wurin wanzami. Bai sake tayar da zancen ba.

Na'Allah ya zo da mutanensa, kwana shida aka sauke tsohon rufi aka ɗora sabuwar azara, aka yi yaɓe, aka gyara indararo. Allah ya taimaka sama ta riƙe ruwanta har laka ta sha iska. Masu ba Mode hannu biyu suka koma ba shi ɗaya, tsohuwar nan ta kai jikarta wani wuri, liman ya sami wani misalin. Yara kuwa sai da suka yi mako suna binsa suna leƙen ƙarƙashin amawali.

Ranar da muka mayar da Inna ɗakinta, ta zauna bakin gado ta shaƙi ƙamshin sabuwar ƙasa, ta ɗaga sandarta ta ƙwanƙwasa azara ta ji ƙarfinta. Mode ya shigo ya durƙusa nesa kaɗan, inda ya saba, ya ce in tambaye ta ko ɗakin ya yi. Ta ce ta ji mata na wani zance a tsakar gida, tana so ta tabbatar, in ce masa ya matso.

Ya matso. Ta miƙa hannu tana lalube, ta sami kafaɗarsa, ta hau wuya, ta kai ga haɓa. Ta tsaya a nan. Ta shafa da yatsa a hankali, ta bi wurin yankan aska, ta koma ta sake shafawa. Tun da nake ban taɓa ganin haka ba, shi ma na tabbata rabonsa da hannun nan tun yana goye. Ya runtse ido, ƙaton dattijo, hawaye na gangarowa ba gemun da zai tare su, suna sauka cikin tafin Inna. Ni ma na juya ina gyara tabarmar da ba abin da ya same ta.

Can ta janye hannu ta goge a zane, ta ce yanzu an bar ta da wahala, sunan da take kira da shi ya bi wanzami. Ta yi ɗan tunani, ta juyo wajen da take jin numfashina.

"Atika, hwaɗa ma Mai Haya shi tashi, tuwonai na hucewa."

Gemu ya sake tsirowa kafin kaka, har ya fi na da cika. Sunan ne bai koma ba. Har Inna ta rasu a ɗakinta, ƙarƙashin rufin da bai taɓa ɗiga ba, da shi take kiransa, kuma duk Ƙofar Marke ba wanda yayana ke amsa wa sunan nan sai ita.